Takalmin da Na Tuɓe a Ɗakin Taro

Da ana dawo da jiya, da na haɗiye fushina ranar da aka yi mini dariya a Karaye.

Shekarun baya ne wasu malaman jami'a masu binciken tarihin magabata suka kira taron horaswa. Abokina, malamin tarihi a sakandare, shi ya matsa sai na je, saboda soron kakanmu da ke wani ƙauye a Fulatan, inda aka yi ta karatun fiƙihu tun kafin zuwan Turawa. So suke su koya mana ɗaukar hoton tsohon gini lungu-lungu, a zuba a wata na'ura mai kama da ƙaton tabarau. Duk wanda ya sa ta sai ya ga kamar a cikin ginin yake tsaye.

Aka ɗaura mini. Sai ga ni a ƙofar wani tsohon masallaci, ginshiƙai reras. Ni kuwa baƙauye, na tuɓe takalmi, na sa ƙafar dama, na karanta addu'ar shiga masallaci da ƙarfi. Ɗaki ya kwashe da dariya.

"Malam, saura alwala!" in ji wani daga baya.

Abokina ya riƙo hannuna. "Haba Malam, ai shaida ka ba su cewa abin ya yi kyau." Na fizge, na kwashi takalmina na fita.

A gida yayana, wanda mabuɗin soron ke hannunsa, ya ce, "Yaya ka gani?"

"Yaya, rufa-ido ne kawai. Kada ka bari su taka soron Kaka."

Allah ya sani ba kishin addini ya sa na faɗi haka ba, kunya ce. Da suka zo da kayansu, yayana ya ba su ruwa, ya sallame su cikin mutunci.

Ashe gara ta riga ta cinye azara. Wata damina mai ƙarfi, soron ya rufta. Zanen magina, alkukin da Kaka ke ajiye fitila, gurbin da bayansa ya yi wa sulɓi a bango, duk suka koma tulin ƙasa.

A ciwon ajalinsa yayana ya ji labarin mutanen garin Jajaye suna sa tabaran suna zagaya tsohon masallacinsu. Ya ce, "Ƙanena, roƙo mini su kawo, in ƙara ganin soron Kaka."

"Yaya, ai ba a ɗauki namu ba."

"Wa ya hana?"

Tsufa ya mantar da shi. Na sunkuyar da kai, har ya koma ga Allah ban faɗa masa ni ne na hana ba.

Har yau in na wuce filin nan sai in kau da kai. Don Allah, in an yi muku dariya, ku ji haushinku ku kaɗai, kada ku rufe wa na baya ƙofa.