Mako Biyu Kawai, In Ji Ishaku

Yau shekara biyar ke nan cif da rasuwar abokina Ishaku. Na san abin da aka saba rubutawa a irin wannan rana: mutumin kirki ne, ba shi da abokin faɗa, ya bar giɓi. Duk gaskiya ne, ban musa ko ɗaya ba. Amma ni duk lokacin da na zauna zan yi wannan rubutu a shekarun baya, ina ɗaga labulen falona a Withington sai in ga farin akwatin nan da ya bar mini ya tokare taga, sai raina ya ɓaci in ajiye alƙalami. Bana dai na ce sai na faɗa, kowa ya ji irin abin da bawan Allahn nan ya yi mini.

Ishaku mutumin Wusasa ne, Kirista, direban bas a Birmingham. Ni Bakano ne, karatu ya kawo ni Manchester, na gama digirin na samu ɗan aiki a wajen Oxford Road na maƙale. A wani taron suna muka haɗu, ya ji Hausata ya ce a ɓoye takalma ga Bakano ya shigo. Na ce ai gara ni, Bazazzage ko ruwa ya ba ka sai ka ƙirga yatsunka. Daga ranar muka ƙulle. Shi ya fara kira na Dokta tun ban kare kundina ba, kuma da aka kwantar da matata asibiti haihuwar farko, shi ya kamo hanya tun daga Birmingham da kular tuwo a kujerar baya.

To shekara goma sha ɗaya da suka wuce, wata Asabar, na ji hon a ƙofar gida. Ina fitowa sai ga Ishaku yana washe baki, ya jawo karaban a bayan motarsa. Ga wanda bai sani ba, karaban ɗaki ne mai taya, da gado da ɗan murhu da makewayi a ciki, Turawa suna jan sa da mota su tafi hutu. Ya saye shi hannu na biyu. Sai da ya biya kuɗi ya jawo shi har unguwarsu Handsworth sannan ya tuna gidajen layinsu a jere suke manne da juna, ƙofa na buɗewa sai titi, ko keke sai an shigar da shi ciki. Ni kuwa Allah ya haɗa ni da ɗan fili a gaban gida, daidai mota ɗaya. Ya ce, “Dokta, mako biyu kawai, kafin in sami wurin ajiya.” Na matsar da motata titi da hannuna. Wallahi har yau in na tuna ni na matsar da ita, sai in ji kamar in mari kaina.

Karaban ɗin ma da sauƙi a kan kulob. Akwai ƙungiyar masu irin waɗannan ɗakuna, kana biyan kuɗi duk shekara su ba ka kati, su riƙa turo maka mujalla. Abin da ya ja Ishaku shi ne an gaya masa in ɗan ƙungiya ya sayi tikitin jirgin fito ta hannunsu, ana yi masa ragi. Burinsa ya loda iyalinsa, ya ja karaban zuwa bakin teku, jirgi ya haɗiye su da mota da komai ya sauke su a Faransa. Na ce masa wannan sayen kifi a ruwa ne. Kamfanin jirgi ba kawunka ba ne, abin da suka rage maka ta nan sun karɓe ta kuɗin kati. Ya ce matsalar Bakano ke nan, bai yarda akwai rangwame a duniya ba sai wanda ya yi wa kansa. Muka yi shekara shida a kan wannan magana. Inda ba ƙasa nan ake gardamar kokawa, don ba mu taɓa gwadawa ba ko sau ɗaya.

Dalilin rashin gwadawar shi ya fi ƙona mini rai. Koren fasfo ne a hannunsa da na matarsa, ba sa shiga Faransa sai da biza. Ana samu, mutane da yawa sun nema sun tafi sun dawo. Ishaku ya ce shi ba zai je ya yi layi da takardun banki a hannu yana rantsuwa zai dawo gidansa ba, zai jira jan fasfo na ƙasar nan ya wuce kai a sama. Na ce to ka dakatar da katin har lokacin. Ya ce ba a fafe gora ranar tafiya. Na ce to ga tsibirai a cikin ƙasar nan da ake zuwa da jirgin fito ba biza, mu je ko na kwana biyu. Ya ce ruwan da za ka ƙetare ka tarar da 'yan sanda iri ɗaya da kuɗi iri ɗaya ai rafi ne. Ranar na raɗa masa Sarkin Ruwa, sunan kuma ya bi shi har cocinsu.

Duk shekara in sanyi ya ja baya sai ya zo da awo. Wai masu jirgi da tsawon abin hawa suke yanka kuɗi, don haka dole lissafi ya zama daidai. Ni zan riƙe bakin tef a ƙarfen da ake maƙalawa a mota, shi ya ja zuwa baya, ya tsuguna, ya kira lambar da ƙarfi. Ina ce masa, “Sarkin Ruwa, kana zaton ya ƙara tsawo ne cikin damina?” Ba ya kula ni. In mun gama sai mu shiga ciki ya dafa shayi a ɗan murhun nan, mu zauna gwiwa na gugar gwiwa, motoci na wucewa, ya buɗe taswira yana nuna mini garuruwan da bai iya faɗin sunansu ba. Ina mita, amma ban taɓa ƙin shiga ba.

Fasfon ya zo a ƙarshe, nasa da na matarsa, a shekarar da aka canza masa launi. Ya bugo mini waya yana fushi yana dariya, wai shekara da shekaru yana jiran ja, sun kawo masa shuɗi. Ya ce bana ba fashi, in shirya jin kunya. Kafin lokacin hutu ya zagayo ciwo ya kwantar da shi, bai tashi ba. Ranar da muka dawo daga jana'iza a Birmingham na iske karaban yana nan yadda yake, na tsaya a gabansa na yi kuka kamar yaro, sannan na zage shi.

Na ɗauka daga nan magana ta ƙare. Ashe tsugune ba ta ƙare ba. Maman Rahila, matarsa, ta mayar da katin sunanta ta ci gaba da biya, ita da ko tuƙi ba ta yi. In na taɓo zancen sai ta ce, “Dokta, ka bari tukuna,” muryarta ta karye, ni kuma in bar zancen. Shekara biyar. Gansakuka ta rufe rufin, tayoyi suka zauna. Matata, Hajiya Binta, tana ajiye mota wani lokaci layi biyu daga gida, don ɗaliban unguwarmu sun cinye titi, ta yi ta jido ledojin cefane cikin ruwan sama. Ba ta yi ƙorafi ba sai bana da gwiwarta ta fara ciwo. Ta ce ta yi wa mamaci kara iya kara, amma kafin ranar cikar shekara biyar ko dai a janye abin nan ko ta kira masu sayen tsohon ƙarfe. Gaskiyarta ce. Amma na kasa barci da tunanin za a daddatse shi bai taɓa zuwa ko bakin teku ba.

Ina yawan tambayar kaina me Ishaku zai ce da wannan zamani. Shi mutumin takarda ne da buga waya, yana son ya ji murya ta ce masa an rage maka. Yanzu yaro yana kwance zai jera farashin jirage a wayarsa kafin shayi ya huce, kuɗin safe daban na yamma daban. Na tabbata zai ce duk yaudara ce, kati dai kati. Ni kuma na riƙa jin daɗi a raina cewa zamani ya raba mana gardama, kuma ni ya ba gaskiya.

Sai ga Rahila. Ita ce babbar 'yarsa, ma'aikaciyar jinya, ana jin Birmingham a bakinta ko da Hausa take yi. Uwarta ta gaya mata wa'adin Hajiya. Ta zo wata Lahadi ta zauna a falona ta ce, “Baba Dokta, ba za a sayar da shi ba. Ni zan ja shi, da Mama da ƙannena.” Na ce madalla, amma kafin nan ki buɗe kwamfutarki mu kashe wata tsohuwar magana. Ta buɗe shafin kamfanin jirgi a gefe guda, na kulob a ɗaya gefen, rana ɗaya, jirgi ɗaya. Da ta sa mota kaɗai, bambancin bai taka kara ya karya ba. Na gyara zama ina murmushi. Sai ta zo wurin da ake sa tsawon karaban ta tsaya, ta ce bari ta nemo tef. Ban san lokacin da bakina ya ce mita shida da rabi har da ƙarfen ja ba. Ta juyo ta dube ni, na kau da kai.

Ta sa lambar. Jama'a, na kulob ya fi sauƙi. Ragin ya biya kuɗin katin shekara guda har da ɗan canji. Na ce ta sake dubawa, ta sake. Na ce ta canza rana, ta canza, ragin ya ɗan ja baya amma yana nan. Haushi ya turnuƙe ni na tashi na fita waje. Shekara shida ina yi wa mutum dariya, sai da ƙasa ta rufe masa ido sannan za a nuna mini wannan?

Mai karatu da ke tunanin yankar irin katin nan, ga abin da na gani da idona, ban ce haka yake kullum ba. In da gaske za ka ja karaban ka hau jirgi a shekarar, duba farashi biyun, mai yiwuwa katin ya fanshi kansa. In mota ce kaɗai, ko tafiyar tana bakinka ne kawai, garin neman ƙiba za ka samo rama. Ragin tafiya ɗaya ba ya biyan katin shekara goma sha ɗaya, ko Ishaku ya dawo sai na faɗa masa haka.

Asabar uku na yi ina canza tayoyi da kankare gansakuka, ni da na fi kowa son a rabu da karaban. Shekaranjiya Rahila ta maƙala shi a motarta, uwarta na gaba tana share ido, suka karya kwana ya ɓace. Jiya ta turo mini hoto daga cikin jirgi. An cusa shi can ƙasa tsakanin manyan motocin kaya, ba taga ba iska. Shekara goma sha ɗaya ana jira, ko ruwan bai gani ba! Na yi dariya har Hajiya ta leƙo, daga baya dariyar ta koma wani abu.

Ban san me ya rage na Ishaku a wurin wasu ba. A wurina akwai 'yar da ta gaji taurin kansa, da lambar da ta zauna mini a ka ban gayyace ta ba, da wani wuri mai kusurwa huɗu a gaban gidana inda siminti ya fi sauran haske. Hajiya ta ajiye motarta a kai, gwiwarta ta huta, falo ya yi haske. Ni ne dai har yanzu in na ɗaga labule nake jin an yi mini sata.

Ishaku, ga shi a jarida kowa ya gani, Bakano ya sauko: akwai ragin. Ka ci wannan, kuma ban yafe maka da ka tafi ba ka tsaya ka yi mini dariya ba. Mako biyunka sun cika, Sarkin Ruwa, an zo an ɗauka.