Ranar da Na Ƙirga Shanun Kawu Buba

Har in koma ga Mahaliccina ba zan manta da yammacin da na tsaya a bakin wata ruga ta Zurgu, waya a hannuna, ina ƙirga shanun da ba nawa ba. Ku da kuke tallata wa masu ƙananan sana'o'i kayansu a intanet kun ce in ba ku labarin aikinmu na da. Wannan zan ba ku, ko da yake ba na jin daɗinsa.

Sunana Malam Sule. Firamare kawai na gama. Na shiga sashen yaɗa labarai na ƙaramar hukuma a matsayin masinja, na bi motar lasifika ƙauye-ƙauye, har na kai mataimakin jami'i kafin in yi ritaya. Aikinmu shi ne rubuta sanarwa a kai wa 'yan jarida. Shugabanmu kullum yakan dawo mini da takarda ya ce, "Sule, ina adadi? Mutum nawa, buhu nawa, a wane gari? In babu wannan edita ba zai duba ba." Da wannan karatun na tsufa.

Shekara biyu bayan ritayata, Sa'adatu, 'yar ƙanena marigayi, ta gama difloma ta buɗe ɗan shago a Rano. Tana haɗa kindirmo, tana zubawa a robobi masu murfi da tambarinta, tana ajiyewa a firij mai sola. Mahaifiyarta Bafulatana ce, don haka nonon daga rugar yayan uwar yake zuwa, Kawu Buba, wanda ya fi shekara talatin zaune a Zurgu yana kiwo yana noma. Matan rugar su tatsa da asuba, mai babur ya kawo kafin rana ta yi zafi.

Ba ta da halin ɗaukar kamfanin talla. Ta zo gida ta durƙusa ta ce, "Baffa, kai ka san 'yan jarida. Ka taimake ni duniya ta san da mu." Wallahi na ji daɗi. Na daɗe ba wanda ya nemi sanina.

Ita ta koya mini tsarin zamani. Ba a buga doguwar takarda yanzu. Za ka nemo ɗan jaridar da yake rubutu a kan noma da sana'a, ka karanta abin da ya saba wallafawa, ka tura masa gajeren saƙo ta waya: wace ce mai sana'ar, me ta zo da shi sabo, sai hoto ɗaya ko biyu. In ya yi shiru kwana uku, ka tuna masa sau ɗaya cikin ladabi. Ta ƙara da sharaɗi guda. Ta ce, "Baffa, duk abin da za ka tura, in fara gani." Na ce to, amma a raina na ji haushi. Yarinyar da aka yi sunanta a gabana ce za ta duba mini rubutu?

Na tura wa mutum huɗu, uku suka yi shiru. Na huɗun, wani matashi mai shafin labarai a Kano, ya kira ni. Ya ce, "Baba, labarin yana da kyau, amma bai da nama. Shanu nawa ake tatsa? A ina suke? A samo mini hoton garken." Sai na ji kamar muryar tsohon shugabana ce ta dawo.

Ban gaya wa Sa'adatu ba. Na hau babur na tafi Zurgu da sunan gaisuwa. Kawu Buba ya shimfiɗa mini tabarma, aka dama mini fura a sabuwar ƙwarya. Ya yi mini tsiyar da muka saba, ya ce, "Kaɗo, sha a hankali, kada ka haɗiye ludayin." Muka yi dariya. Da la'asar garke ya dawo, na tashi kamar zan miƙe ƙafa, na ƙirga su ɗaya bayan ɗaya, na ɗauki hoto har da tsamiyar da ke bakin hanya. A Rano aka haife ni, cikin Fulani na girma. Na san ba a tambayar makiyayi yawan shanunsa, shi ma ba ya faɗa, saboda baki da kuma ɓarayi. Na sani sarai. Son a ga sunana a ƙasan labari ne ya rufe mini ido.

Na tura wa ɗan jaridar. Labarin ya fita da adadin shanun, da sunan Kawu, da sunan wurin. Ya bazu fiye da zatona. Masu shaguna daga Kano suka fara kiran Sa'adatu. Ni ina ta murna, ita kuwa da ta karanta sai ta zauna a kan benci ta ce, "Baffa, Kawu ya san da wannan?" Na ce ai talla ce.

Ranar kasuwar Kibiya wani dillali ya tare Kawu a kara, wurin cinikin shanu, ya nuna masa waya a gaban jama'a, ya ce, "Ashe haka ka tara, kake zuwa mana da tsohuwar riga?" A makon nan kuma sau biyu wasu baƙi a kan babur suka tsaya suna tambayar hanyar rugar nan mai tsamiya. Ba wanda ya san su. Wataƙila masu sayen nono ne, wataƙila ba su ba ne. Kawu bai tsaya ya gani ba.

Na roƙi ɗan jaridar ya goge, ya goge. Amma mutane sun riga sun ɗauka sun yi ta turawa juna. Na koma Zurgu na tarar ana ɗaure kaya, geron da ya shuka ko kai bai fitar ba. Bai ɗaga mini murya ba, bai kuma ce mini Kaɗo ba. Ya ce, "Malam Sule, a hannuna aka haifi shanun nan, ban taɓa faɗin yawansu ko ga matata ba. Kai ka sha furata, ka tashi ka ƙirga." Na ce ya yafe mini. Ya ce, "Na yafe. Amma ba zan kwana da su a nan ba."

Ya kora garken kudu, inda bai faɗa wa kowa ba. Sauran rugagen da ke kusa suka ji, suka ƙi sayar wa Sa'adatu nono, suka ce gidansu masu ƙirga ne. Wayarta tana ta ƙara, masu saye suna nema, firij babu komai. Kafin kaka ta rufe shagon. Yanzu tana koyarwa a wata makarantar kuɗi, mahaifiyarta kuma shekara uku ke nan ba ta sa yayanta a ido ba. Sa'adatu tana zuwa gaishe ni duk Juma'a, ba ta taɓa tayar da maganar ba. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Abin da na koya ke nan, a makare. Ɗan jarida zai tambaye ku abin da zai ƙawata labarinsa, aikinsa ne. Naku aikin shi ne ku san abin da ba naku ba ne balle ku bayar. Kafin ku danna tura, ku karanta wa mai sana'ar, ku karanta wa duk wanda sunansa ko dukiyarsa ke ciki, ku jira ya ce to.

Ɗazu ɗayanku ya tambaye ni, wai shanun nawa ne. Ina tune da adadin har yau. Ba zan faɗa ba.