Mofa ta Miƙar da Autarmu

…ku janye bokitan nan, jama'a, ku ba Autarmu hanya ku ga tafiya!

Shekara bakwai Auta tana shara da goge-goge a wani asibiti, ba a taɓa ce mata ga inda kika bari ba. Sai zazzaɓi ya kwantar da ita sati uku. Ta tashi dai, amma tafiya ta ƙi. In tana tsaye lafiya lau. Da ta ɗaga ƙafa sai ta ga bango ya karkace, ita ma ta bi shi, tana tangal-tangal. Ran da ta koma aiki, shugabar masu shara ta hango ta a baranda, ta ce wannan maganin tari take sha, ta koma gida sai an bincika. A gidan hayarmu har aka samu masu ce mata Kwalekwale.

Zargin ya fi ciwon cin ta. Yarinyar da ko maganin ciwon kai sai an yi mata dole.

Da kanta ta gano dabarar. Wata safiya ta ɗauki mofa za ta goge ɗakin Inna, sai ga ta a ƙarshen ɗaki ba ta karkata ba. Ba dogarawa take yi ba fa, kan mofar kawai ke shafar ƙasa. Ta ajiye, jiri ya dawo. Ta ɗauka, ya lafa. Daga nan ta koyi kafa ido a kan abin da ba ya mata ƙarya, gefen ƙofa ko turken wutar lantarki. Inda babu sanda kuwa, yatsa ɗaya a jikin bango ya ishe ta. Inna ta ce ashe mofar ma 'yar'uwa ce, a riƙa gaishe ta.

Da ta je wurin likitan kunne, ya sa ta tafiya ido rufe, ido buɗe, da sanda, ba sanda. Ya yi ta rubutu, ya ce zai aika wurin aikinta. Kwana tara shiru, abinci ma sai Inna ta yi faɗa take ci.

Ɗazu tana shanya wayarta ta yi ƙara. Ta ga sunan, ta dafa bango, ta miƙo min. Na buɗe muryar kowa ya ji. Shugabar ce.

"Takardar likita ta iso. Ya ce cikin kunnenki zazzaɓin ya taɓa, ido da hannu ne ke riƙe da ke yanzu. Ki yafe min, ƙanwata. Ki zo ran Litinin, amma ban da hawa tsani."