Sai An Kira Sau Uku

A gidanmu na Rurum, da an idar da sallar isha'i sai mu kewaye murhun kakarmu Iya, tana gasa mana gyaɗa a cikin toka. Ni ne matsoracin cikinmu, ta kuwa sani. Takan ce, "Matso kusa, angona, amma kada ka jiƙa mini tabarma."

Tatsuniyar da ta fi firgita ni ita ce ta Ladi, yarinyar da ke amsa kowane kira. Wata rana tana tsinkar rama a bayan gari, ta ji an ce "Ladi", sau ɗaya tak. Ta ce, "Na'am." Ta waiwaya, ba kowa sai karan dawa yana motsi. Tun daga ranar muryar ta biyo ta gida, tana kiran ta daga rumbu, daga bayan ɗaki, har ta kasa bambance ta da muryar uwarta. Ran da uwar ta zame a bakin rijiya tana ƙwala mata kira, sai Ladi ta toshe kunne. A nan Iya takan rage murya: "Kiran da ba ka ga mai shi ba, bari sai an yi uku. Mutum yana maimaitawa, aljani ba shi da wannan haƙurin."

Na girma, ina gyaran kayan lantarki a Rano. Da ɓarin jikin mahaifiyata Inna ya shanye, magana ta ɗauke, sai na ɗaura mata madanni a gefen gadonta a Rurum, na ja waya zuwa wata 'yar kwamfuta mai girman tafin hannu a zaure. In ta danna, saƙo ya shigo wayar hannuna, domin da rana kowa yana gona.

Ba a yi mako ba saƙo ya fara shigowa ba dalili. In hau babur a guje, in tarar tana barci, hannunta nesa da madannin. Wata Talata sau biyar aka yi haka. A na shida ina kallon wayar na ƙi tashi, sai Ladi ta faɗo mini a rai. Wallahi ban san lokacin da na bar shago a buɗe ba. Na sami Inna lafiya, na zauna a ƙasa.

Laifina ne. Ƙafar kwamfutar da ke sauraron madannin, wato ɗan tsinken ƙarfen da wayarsa ke shiga, na bar ta sake, babu abin da ya riƙe ta, doguwar wayar kuma ta bi ta jikin inbata, na'urar da ke juya wutar sola, tana kwaso mata hayaniyar wuta. Na sa rizisto, ɗan abin da ke daidaita wuta, ya riƙe ƙafar, na janye wayar daga inbata. Sannan na gyara umarnin da na ba kwamfutar: sai ta duba madannin sau uku a jere, ta ga har yanzu a danne yake, kafin ta kira ni.

Yau kwana goma sha ɗaya shiru. Na ɗauka hankalina zai kwanta. Amma wayar tana aljihun ƙirjina, ko alwala nake yi sai na taɓa ta, domin yanzu na san in ta yi ƙara, Inna ce.