Tarihin Duba-Gari, Wanda 'Ya'yansa Suka Zaunar

An haifi marigayin a shekara ta 1940, a wani ƙaramin gari da ke bakin layin dogo. Mahaifinsa maƙeri ne, mahaifiyarsa kuwa ungozoma.

Karatu da Aiki

Bayan firamare ya shiga makarantar koyon tsafta, inda ya kammala a 1961, aka ɗauke shi aikin duba-gari. Sunan aikin ya bi shi har ya danne na yanka. Shekara talatin da biyar yana zaga unguwanni a ƙafa, yana leƙa kwata da rijiya da mahauta, kuma an shaide shi da kaifin ƙwaƙwalwa, domin babu gidan da bai san mai shi da 'ya'yansa ba.

Iyali

Ya yi aure a 1965, Allah ya azurta su da 'ya'ya huɗu. Uwargidan takan ce takalmi ta aura, ba miji ba, shi kuwa sai ya yi dariya ya sake fita.

Ritaya

Da ya ajiye aiki a 1996, 'ya'yan suka ƙudurta hutar da shi, babbar 'yarsa, malamar makaranta, ita ce kan gaba. Aka saya masa kujera mai laushi da talabijin, aka ajiye mota a ƙofar gida. Ko ruwa ya tashi ɗauka, sai a ce, "Baba, zauna mana." Ya zauna kuwa. Bayan rasuwar uwargidan a 2004 zaman ya ƙara tsawo, mantuwa ta soma shigo masa kaɗan-kaɗan, har ran da Malama ta shiga gaishe shi ya dube ta cikin ladabi ya ce, "Baiwar Allah, wa kike nema?" Da ya gane abin da ya yi, tsoro ya kama shi ƙwarai. Bai ji tsoron mutuwa ba, tsoronsa kada ya bar duniya bai san 'ya'yansa ba.

Likita ya duba shi, ya yi bayanin cewa jinin da zuciya ke turawa shi ƙwaƙwalwa ke sha, ya ce a bar shi ya riƙa tafiya kullum har numfashinsa ya ɗaga. Malama ta ce, "Likita, a ce mun bar mahaifinmu yana yawo a ƙasa? Me mutane za su ce?" Tsohon ya ce, "Su faɗa. Miƙo mini takalmina."

Shekarun Ƙarshe

Daga 2008 ya koma bin tsofaffin titunansa da hantsi, da farko da haki da tsaye-tsaye, daga baya har matasa na kauce masa. Ba duk abin da ya tafi ne ya dawo ba. Makullinsa dai bai daina ɓata ba. Amma hira ta dawo, faɗa a kan kwata ma ya dawo. Malama, wadda ta yi nadama mai yawa, ita ta zama abokiyar tafiyarsa.

Rasuwa

Ya rasu a 2019 bayan gajeriyar jinya, yana da shekara saba'in da tara. Aka kawo motar ɗaukar gawa, Malama ta ce a mayar, an zaunar da shi ya isa. A ƙafa aka kai shi makwancinsa, ta titunan da ya sani.

Ya bar Malama, da Injiniya, da Tela, da Auta. Haka ya jera su da bakinsa a ranarsa ta ƙarshe, yana duban kowanne a ido, bai tsallake kowa ba.