Tsagar da Ta Karkace

A bakin Ƙofar Ɗan Agundi, Malam Isyaku yana jiran a yi wa kekensa faci, idonsa na kan wani kafinta da bai sani ba. Siririn mutum ne mai tsagen Barebari, fensir a kunne, yana waƙa ta hanci. Da gani ƙirar gurmi ya gada, amma tun da yaƙin basasa ya ɓarke jitar kanti ta ɓace, ya koma ƙera ta.

Ya ɗaure sabon katako a jikin wani tsohon wuyan jita da ya sha hannu. Yana bin tsagogin tsohon da ƙaramin zarto, ya hure gari, ya dasa guntun wayar keke a kowace sabuwar tsaga, inda yatsa zai danne tsirkiya.

Isyaku ba ya gani ya ƙyale. "Malam, ai wannan tsagar ta karkace."

Kafinta ya yi dariya. "Haka mai ita ya yanka. Obiora, makaɗin Sabon Gari. Ya ba ni ajiya ranar da ya hau jirgin ƙasa zai yi gudun hijira."

"To, ka miƙar da taka mana."

"In na miƙar, muryar jitar za ta canza. In ya dawo ya ji ana kaɗawa, yaya zai gane ina nan?"