Hannun Malama Sake

Malama Sake ɗalibai suke kiranta, amma a bayan idonta. Ni Gwaggo nake ce mata, don yayar babana ce, kuma a gidanta na tashi tun ina ƙarama. Sunan daga bakinta ya fito. Ki shimfiɗa zanin gado ki ja gefe kina jiran yabo, sai ta leƙa kusurwar katifa ta ce, "Sake." Ki wanke hannu har ya yi fari, ta dubi tsakanin yatsunki ta ce, "Sake." Ba ta ɗaga murya, ba ta zagi. Kalmar nan ɗaya ta ishe ta, mu kuma ta ishe mu kuka.

Amma ba da koyarwa ta fara ba, kuma ba ita ta so ba.

Lokacin da na zo gidanta, Gwaggo nas ce a ɗakin jarirai na babban asibitin garinmu, inda ake ajiye bakwaini a kwalba da waɗanda suka zo duniya da ciwo. An san ta da abu ɗaya: idan jijiyar jariri ta ɓuya, kowa ya gwada ya gaji, ita ake nema. Takan ɗauki hannun da bai wuce babban yatsanta ba, ta shafa shi, ta yi shiru kamar mai sauraron wani abu, sai kawai ki ga allura ta shiga, ruwa ya fara ɗiga. Da yamma ta dawo gida tana ƙamshin sabulun asibiti, ta tuɓe takalma a bakin ƙofa, ta hau ba mu labarin mutanenta. Duk ta raɗa musu suna. Akwai Sarkin Kuka, akwai Mai Gashi, akwai wata da take kira Uwar Ɗakina saboda ba ta yarda kowa ya ba ta madara sai ita.

Mijinta tela ne, shagonsa a jikin gidan yake. Baba Tela muke ce masa har ita. Shi ke ɗinka mata fararen kayan aiki, kuma kullum tsokanarsa ɗaya ce: "Ni da ke duk allura ke ciyar da mu, bambancin dai nawa kwastomomin ba sa tsala ihu."

Shi ne ya fara lura. Idonsa ya soma rauni, don haka ita ke zura masa zare a allura idan tana gida. Wata rana ta ɗauki zaren, ta kai, ta kuskure. Ta lashi bakinsa ta sake kaiwa, ta kuskure. Ta yi dariya ta ce gajiya ce. Bayan 'yan watanni kofin shayi ya fara ƙara a kan faranti idan ta ɗauko. Likitan da ya duba ta ya ce ba ciwon da ke kisa ba ne, rawar hannu ce irin wadda ake gado, magani zai rage ta amma ba zai raba ta da ita ba.

Babu wanda ya ce ta bar ɗakin jarirai. A lokacin ma abokan aikinta ba su gane ba. Ita da ƙafarta ta je ofishin shugabar nas-nas ta miƙa hannayenta biyu a kan tebur.

"Anti, ki duba."

Shugabar ta duba, ta ce, "Ai kaɗan ne. Ki sha magani ki ci gaba."

"Kaɗan ne a kan tebur. A kan jijiyar bakwaini ba kaɗan ba ne."

Da haka aka mayar da ita makarantar koyon aikin jinya da ke bayan asibitin. Katanga ce kawai ta raba su, da wata 'yar ƙofar ƙarfe mai ƙara. Sai da ta koma karatu tukuna, ta zauna aji da waɗanda ta girme wa nesa ba kusa ba, ta koyi yadda ake tsara darasi da yadda ake fitar da tambayoyin jarrabawa. Ta gama, aka ba ta tebur a wani ofishi mai taga ɗaya. Tagar kuwa tana kallon bayan ɗakin jarirai, inda ake shanya ƙananan zannuwa. Abokiyar zamanta ta ce su yi musayar wuri don rana na dukan teburin Gwaggo. Gwaggo ta ce a bar ta a nan.

Shekarar farko ba ta ji daɗin aikin ba, kuma ba ta ɓoye mana ba. Ɗakin gwaji na makarantar yana da gadaje irin na asibiti, a kansu mutum-mutumin roba kwance, baki buɗe. Akwai jaririn roba ma, wanda ɗalibai suka wanke har fentin idonsa ya goge. Gwaggo takan dawo ta ce, "Yau ma na wuni da gawarwakin roba. Ka soke su ba su motsa, ka yi musu wanka ba su gode." Baba Tela ya ce, "To ki kawo su nan, ina neman wanda zan rataya wa riga." Rubutunta a allo ma ya zama abin dariya, layi ya tashi daga sama ya gangaro kamar mai saukowa daga tudu. Sai ta daina yi, ta riƙa kiran ɗaliba ta rubuta, ita tana faɗa.

A hankali aikin ya kama ta. Ta gane cewa yarinyar da ta iya zuba amsa a takarda ba lallai ta iya juya mara lafiya ba tare da ta ji masa ciwo ba. Ta sa ana sayo lemu a koyi allura a jikinsa kafin a taɓa mutum. Ta sa ɗalibai su riƙa kwanciya a gadon gwaji, 'yan uwansu su ɗaga su, su ba su ruwa a cokali, don su ji yadda abin yake idan kai ne a kwance kana kallon rufi. A taron malamai ita ce mai rigima a kan a ƙara kwanakin zuwa asibiti a rage na zaman aji. A asibitin kuma ita ce mai rigima da nas-nas ɗin da ke mayar da ɗalibai 'yan aike. Na taɓa jin ta tana gaya wa wata, cikin murmushi, "Ƙanwata, na kawo miki su ne su koyi jinya. Sayen katin waya da ɗauko abinci sun iya tun daga gida."

Ranakun kai ɗalibai asibiti su ne ranakunta. Tun da safe za ki gan ta ta goge farar riga, tana 'yar waƙa a banɗaki. Ta tasa mu gaba mu bi ta 'yar ƙofar ƙarfen nan. Na ce "mu" don ni ma da na gama sakandare makarantar na shiga, kuma zaman gida ɗaya bai rage mini ko "sake" ɗaya ba. A cikin ɗakunan marasa lafiya tana tsayawa ne a bayanmu, hannayenta biyu a goye a baya. Mun ɗauka salo ne na manyan malamai. Sai daga baya na gane riƙe su take yi.

Muna shekarar ƙarshe abin da ba na mantawa ya faru. Da hantsi ne, muna ɗakin yara, aka shigo da wani jariri da gudawa ta tsotse. Maɗigarsa ta faɗa, ko kuka ba ya iya yi, sai buɗe baki. Likita yana ɗakin tiyata. Nas ɗin da ke bakin aiki ta nemi jijiya a hannu ta rasa, ta koma ƙafa ta rasa. Gumi ya keto mata. Uwar yaron tana tsaye ta dafe bango. Sai nas ɗin ta juyo, da yake tsohuwar abokiyar aikin Gwaggo ce, ta ce, "Yaya, don Allah ko za ki gwada?"

Na ga hannayen Gwaggo sun fito daga baya da kansu. Har ta taka zuwa bakin gadon. Ta dube su, suna rawa kamar ganye. Ta mayar da su.

"Auta, zo nan."

Auta ita ce mafi ƙanƙanta a ajinmu, shiru-shiru, ba ta taɓa ɗaga hannu ta amsa tambaya ba. Mu ba mu san Gwaggo ta daɗe tana kallon yadda take riƙe sirinji ba. Auta ta ce, "Malama, ni?"

"Ke. Sa safar hannu." Sannan ta juya wurin uwar yaron. "Baiwar Allah, wannan ɗalibata ce, kuma duk ɗakin nan babu mai natsuwar hannunta. Ina tsaye a kanta. Kin yarda?" Matar ta gyaɗa kai.

Gwaggo ta sunkuya har haɓarta ta kusa taɓa kafaɗar Auta. Magana take yi ƙasa-ƙasa, kamar su biyu ne kawai a duniya. "Kada ki nema da ido, ba za ki gani ba. Sa yatsa a bayan hannun. Gangaro kaɗan. Kin ji wani abu kamar zare? Shi ne. Ja fatar. Kwantar da allurar, kin ɗaga ta da yawa. Yanzu shiga, a hankali. Tsaya." Jini ya leƙo a gindin allurar. Nas ɗin ta yi hamdala da ƙarfi, ta jona ledar ruwa. Muka zuba ido muna jiran abin da Gwaggo za ta ce. Ta ce, "Manna filasta da kyau, kada ya fizge." Ta fita waje.

Da yamma na same ta a shagon Baba Tela, zaune a kan bencin kwastomomi, ko kayan aiki ba ta cire ba. Ya tsayar da keken ya dube ta.

"An yi rashi ne?"

"A'a. Yaron ya samu ruwa, har ya kama nono."

"To me ya faru?"

Ta dubi hannayenta. Sannan ta ce, "Tun daga bakin ƙofa na san inda jijiyar nan take. Na ji ta a yatsana tun ban taɓa shi ba. Yarinyar ta yi ƙoƙari, wallahi na ji daɗi. Amma da hannuna nake so."

Baba Tela ya ajiye ɗinkin da ke hannunsa. Ya tashi ya rufe shago tun lokaci bai yi ba, ya zauna kusa da ita.

Auta ta zama irin nas ɗin da ake aikawa a kira. Gwaggo takan tsaya a tagarta ta hango ta tana wucewa da sauri, ta ce da abokiyar zamanta, "Kin ga waccan? Tawa ce." Ba a daɗe ba Auta ta zo gida da mijinta yin sallama, ta samu aiki a wata ƙasa mai nisa. Ba ita ce ta farko ba, ba kuma ita ce ta ƙarshe ba. Duk shekara sai an yaye aji, kuma waɗanda Gwaggo ta fi wahala a kansu su ne ke fara tafiya, don su ake rububi. Sukan zo su durƙusa, ta sa musu albarka, ta ja musu kunne a kan wanke hannu da gaishe da mara lafiya kafin a taɓa shi. Idan sun fita sai ta ce, "Ni dai na zama tashar mota. Kowa ya zo ya hau ya wuce." Ba ta taɓa hana kowa ba. Ta san albashin, ta san yawan gadajen da nas ɗaya ke riƙewa.

Da tawa tafiyar ta zo, na yi kwanaki ina kewaye-kewaye na kasa faɗa mata. Ita ce ta tare ni a kicin ta ce, "Ke, yaushe ne jirgin?" Na fashe da kuka. Ta ce, "Share hawayenki, ɗiyata. Na koya miki ne don ki yi aiki, ban ce sai a gabana ba." Amma ranar tafiyar ba ta raka ni ba. Ta ce tana da aji.

Yanzu ta yi ritaya. Rawar hannun ta ƙaru, Baba Tela ne ke ɓalle mata maɓallin riga, shi da ba ya gani sosai, suna yi suna faɗa a kan wanda ya fi wani lalacewa. Matan unguwa suna kawo mata jarirai ta duba cibiya, ta ce wannan a kai shi asibiti yau, wannan kuwa lafiyarsa lau, uwar ce ke buƙatar barci. Takan ce a ɗora mata su a cinya, don ba ta yarda ta ɗauke su a tsaye.

Ni kuma ina nan inda nake, a ɗakin yara na wani asibiti mai injuna da yawa. Ina kiranta idan na fito hutun cin abinci. Ba ta tambayata sanyi ko abin da nake ci, wannan aikin Baba Tela ne, yana ihu daga gefe. Ita abin da take so daban ne.

"Wa kuke da shi yau?"

"Gwaggo, ai na gaya miki ba a faɗin sunan mara lafiya."

"Wa ya tambaye ki suna? Ni na koya miki wannan. Ki ce mini dai babba ne ko ƙarami."

"Ƙarama ce. Bakwaini. Jiya aka cire mata robar hanci."

"Tana tsotso?"

"Ta fara, kaɗan-kaɗan."

Sai in ji ta gyara zama, in ji ƙarar kujerar nan ta tsakar gida da na sani. "To, ba ni labari tun daga farko," in ji ta. "Kada ki yi sauri. Da kika shiga da safe, yaya kika same ta?"